Me ya sa 'yan siyasar Amurka ke yawan kiki-kaka a kan bashi da haraji?

A ranar 1 ga watan Oktoban 2025, dubban ɗaruruwan ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka sun wayi gari da umarnin su zauna a gida ba albashi, bayan da Majalisar Dokokin ƙasar ta kasa amincewa da kuɗin tafiyar da gwamnati.

Wasu kuma, irin su jami'an da ke kula da sauka da tashin jiragen sama, an umarce su da su ci gaba da aiki, su jira albashi sai ranar da 'yan siyasa suka daidaita.

Sai da aka shafe kwanaki 43 ana ja-in-ja kafin Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan dokar da ta sake buɗe ma'aikatu a ranar 12 ga watan Nuwamba. Kafin nan an soke tashin dubban jirage, kuma tallafin abinci da mutane kimanin miliyan 42 ke dogaro da shi ya samu tsaiko.

A cikin watan na Oktoba ne kuma bashin da ake bin gwamnatin ƙasar ya haura dala tiriliyan 38. Tiriliyan guda dai shi ne biliyan dubu.

Jam'iyyun Republican da Democrat kowacce na ɗora wa 'yar'uwarta laifi. To amma alƙaluma sun nuna cewa dukansu biyu suna da hannu wajen tara bashin, kuma abin da ya raba su shi ne wanda zai ɗauki nauyin biyansa: masu hannu da shuni ta hanyar ƙarin haraji, ko kuwa masu ƙaramin ƙarfi ta hanyar rage musu tallafi.

Rikici iri biyu

Akwai rikici iri biyu da mutane kan gwamutsa su wuri guda.

Na farko shi ne na kasafin kuɗi. Shekarar kuɗi a Amurka tana somawa ne a ranar 1 ga watan Oktoba, kuma kafin ranar ya kamata Majalisa ta zartar da dokoki 12 da ke ware wa ma'aikatu kuɗi, ko kuma ta yi dokar wucin gadi ta 'yan makonni.

Idan ba ta yi ko ɗaya ba, doka ta hana gwamnati kashe ko sisi a ma'aikatun da abin ya shafa. Wannan fassara mai tsauri ta samo asali ne daga ministan shari'a Benjamin Civiletti a shekarun 1980 da 1981, kuma tun daga lokacin ake rufe ma'aikatu duk sa'ad da aka cije.

Najeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko daga Amurka a 1979, amma ba a ganin irin haka a can, saboda sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi na wasu watanni ko da Majalisa ba ta amince da kasafi ba.

Rikici na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne na iyakar bashi. Tun 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Majalisa ke ƙayyade wa Baitulmali adadin da zai iya ciyowa, kuma a 1939 aka haɗe iyakar wuri guda a kan dala biliyan 45.

Ɗaga iyakar ba ya nufin amincewa da sababbin ayyuka. Izini ne kawai na ciyo kuɗin da za a biya abin da Majalisar da kanta ta riga ta amince a kashe. Tamkar magidanci ne da ya aika yaro kanti ya karɓo kaya, sannan da mai kanti ya zo karɓar kuɗinsa ya ce sai ya yi shawara tukuna.

Tun daga 1960 an ɗaga iyakar ko an jingine ta fiye da sau 70, a ƙarƙashin shugabannin jam'iyyun biyu.

Yadda bashin ya taru

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sau ɗaya tak Amurka ta taɓa biyan bashinta kakaf, wato a 1835 zamanin Shugaba Andrew Jackson.

Rabon da gwamnatin ƙasar ta samu rarar kuɗi kuwa tun tsakanin 1998 da 2001. Lokacin da Bill Clinton ya bar mulki a farkon 2001, bashin yana kan dala tiriliyan 5.7.

George W. Bush ya rage haraji a 2001 da 2003, ya kuma shiga yaƙi a Afghanistan da Iraƙi ba tare da ƙara haraji don ɗaukar nauyin yaƙin ba. Da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, sai da aka ware dala biliyan 700 don ceto bankuna. Ya bar bashin a kan tiriliyan 10.6.

Barack Obama ya soma mulki da shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala biliyan 787 a 2009, a daidai lokacin da kuɗin shiga suka ragu saboda rashin aikin yi. Ya sauka bashin yana dab da tiriliyan 20.

A wa'adinsa na farko, Mista Trump ya rage harajin kamfanoni daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 21 a 2017. Sai kuma annobar korona ta zo, inda jam'iyyun biyu suka haɗu suka amince da tallafin dala tiriliyan 2.2 a watan Maris na 2020. Bashin ya kusan kai tiriliyan 28 a farkon 2021.

Joe Biden ya ƙara da nasa tallafin na dala tiriliyan 1.9, ya kuma miƙa mulki a 2025 bashin ya wuce tiriliyan 36.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

'Yan Republican na ganin matsalar ita ce gwamnati ta yi girma fiye da kima. A cewarsu, idan aka bar wa jama'a da kamfanoni kuɗinsu za su zuba jari, ayyukan yi su ƙaru, don haka maganin giɓi shi ne a tsuke bakin aljihu.

Batun haraji ya zama tamkar rantsuwa a jam'iyyar. Tun 1986 wani ɗan fafutika mai suna Grover Norquist ke sa 'yan takara sanya hannu a kan alƙawarin ba za su ƙara haraji ba, kuma akasarin 'yan majalisar jam'iyyar sun sanya.

Sun kuma ɗauki darasi daga George Bush babba, wanda ya yi alƙawari a 1988 cewa ba zai kawo sabon haraji ba, ya saɓa a 1990 domin rage giɓi, sannan ya faɗi zaɓe a 1992.

'Yan Democrat kuwa na cewa rage wa attajirai haraji ne ya haƙa ramin, kuma babu adalci a cike shi da kuɗin maganin tsofaffi da abincin marasa galihu. Suna so a ƙara wa manyan kamfanoni da masu babban samu haraji.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowace jam'iyya ta fi jin zafin bashi idan tana adawa. Mista Obama da kansa ya kaɗa ƙuri'ar ƙin ɗaga iyakar bashi a 2006 yana sanata, abin da daga baya ya amsa cewa kuskure ne. 'Yan Republican da suka matsa wa Mista Biden lamba a kan bashi a 2023, su ne a watan Yulin 2025 suka zartar da dokar da ta ɗaga iyakar da dala tiriliyan biyar, wadda ofishin kasafin kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin dala tiriliyan 3.4 cikin shekaru goma.

Darasin 2011

Shekarar da aka fi kusantar faɗawa rami ita ce 2011. A zaɓen 2010 jam'iyyar Republican ta ƙwace Majalisar Wakilai da ƙarin kujeru 63, kuma da yawa daga cikin sababbin 'yan majalisar 'yan gwagwarmayar Tea Party ne da suka yi alƙawarin ba za su ɗaga iyakar ba sai an zabtare kuɗin da ake kashewa.

Bashi ya kai iyakar dala tiriliyan 14.3 a watan Mayu. Baitulmali ya yi ta dabarun jujjuya kuɗi tsakanin asusu, amma ya yi gargaɗin cewa dabarun za su ƙare a ranar 2 ga watan Agusta.

Mista Obama da Kakakin Majalisar Wakilai John Boehner sun yi ƙoƙarin cimma babbar yarjejeniya da za ta haɗa rage kashe kuɗi da ƙarin kuɗin shiga, amma tattaunawar ta wargaje a watan Yuli a kan batun haraji.

A ranar ƙarshe aka sanya hannu a kan dokar da ta tanadi rage kimanin dala tiriliyan biyu cikin shekaru goma, ba tare da ƙarin haraji ba.

Duk da haka, kwana uku bayan nan kamfanin Standard & Poor's, mai auna ƙarfin ƙasashe na biyan bashi, ya sauke Amurka daga matsayi mafi girma a karon farko, yana mai kafa hujja da yadda 'yan siyasa ke wasa da batun. Hukumar binciken kuɗi ta gwamnati ta ƙiyasta cewa jinkirin ya jawo ƙarin kuɗin ruwa na dala biliyan 1.3 a shekarar kaɗai.

Kamfanin Fitch ya bi sahu a 2023, sai Moody's a watan Mayun 2025.

Me ya sa sulhu ke wuya?

Tsarin mulkin Amurka ya raba iko ne da gangan. Dole Majalisar Wakilai mai kujeru 435, da ta Dattawa mai kujeru 100, da kuma shugaban ƙasa su yarda kafin doka ta tabbata.

A Majalisar Dattawa kuma akasarin dokokin kashe kuɗi na buƙatar ƙuri'u 60. Shi ya sa a 2025, duk da cewa Republican ke riƙe da Fadar White House da majalisun biyu, kujerunta 53 ba su ishe ta ba, 'yan Democrat kuma suka ce sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya. A ƙarshe sanatoci takwas daga ɓangarensu suka mara wa 'yan Republican baya ba tare da an biya wannan buƙata ba.

Sau da dama ma abin da ake faɗa a kansa ba shi da alaƙa da bashi kai tsaye. Rufewar kwanaki 16 a 2013 a kan shirin lafiya na Mista Obama ce. Ta kwanaki 35 daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 kuma a kan dala biliyan 5.7 ce da Mista Trump ya nema don gina katanga a iyaka da Mexico.

Akwai kuma tsoron 'yan cikin gida. Yawancin mazaɓu jam'iyya guda ce ke da rinjaye a cikinsu, don haka ɗan majalisa ya fi tsoron faɗuwa a zaɓen fid da gwani a kan babban zaɓe, kuma duk wanda ya yi sassauci ana iya kiransa maci amana.

Kakaki Kevin McCarthy ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya sasanta da Mista Biden a kan iyakar bashi a tsakiyar 2023, ya kuma dogara da ƙuri'un 'yan Democrat don kauce wa rufe ma'aikatu a ƙarshen Satumba. A ranar 3 ga watan Oktoba wasu 'yan jam'iyyarsa takwas suka haɗu da 'yan adawa suka tsige shi, karo na farko ke nan da aka yi wa kakaki haka a tarihin ƙasar.

Inda gizo ke saƙar

A shekarar kuɗi ta 2024 gwamnatin Amurka ta kashe kimanin dala tiriliyan 6.8, ta kuma tara tiriliyan 4.9. Giɓin ya kai tiriliyan 1.8.

Kuɗin da ake ta hayaniya a kansu duk shekara ba su wuce kusan rubu'in abin da ake kashewa ba, kuma kusan rabinsu na tsaro ne. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne kai tsaye ga fanshon tsofaffi na Social Security da shirye-shiryen lafiya na Medicare da Medicaid, waɗanda ke ƙaruwa yayin da al'umma ke tsufa.

Tsofaffi su ne suka fi kowa fita zaɓe, don haka jam'iyyun biyu na shakkar taɓa fanshonsu. Haka nan dukansu sun yi alƙawarin ba za su ƙara wa masu matsakaicin samu haraji ba.

Kuɗin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. A 2024 gwamnati ta biya kusan dala biliyan 900 na ruwa, fiye da abin da ta kashe a kan soja.

Ina ruwan sauran duniya?

Mafi yawan bashin Amurkawa ne ke bin gwamnatinsu, ta hannun asusun fansho da bankuna da Babban Bankin ƙasar. A cikin ƙasashen waje, Japan ce ke kan gaba da fiye da dala tiriliyan guda.

Amurka tana da wata dama da ƙasashe masu tasowa ba su da ita: da kuɗinta take cin bashi. Ƙasa irin Najeriya sai ta nemo dala kafin ta biya bashinta na waje, kuma idan naira ta faɗi nauyin sai ya ƙaru.

Fiye da rabin kuɗin ajiyar ƙasashen duniya da dala ake riƙe su, da ita ake cinikin ɗanyen mai, kuma takardun bashin Amurka su ne ma'aunin da ake ɗora ruwan sauran basussuka a kai. Idan ruwan da Amurka ke biya ya hau, ƙasashen Afirka da ke neman rance a kasuwannin duniya su ma nasu sai ya hau.

Wannan ne ya sa duk lokacin da ranar cikar wa'adi ta matso, ministocin kuɗi daga Tokyo har Abuja kan zuba ido a kan Washington.

Kawo yanzu dai, duk sa'ad da aka kai bakin gaɓa a kan iyakar bashi, jam'iyyun biyu kan ja da baya su ɗaga ta. Abin da ba su taɓa daidaitawa a kai ba shi ne yadda za a cike giɓin da ke sa ake komawa bakin gaɓar, kuma kowace shekara aka ɗage maganar, kuɗin ruwan da za a biya ƙaruwa yake yi.