Birni na girma, gonaki na raguwa

A shekara ta 1945, ruwan Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi. Mutane suka tashi suka hau tudu. Lokacin nan, gonakin hatsi ne suka kewaye garin. A ƙidayar 1977, mutanen Maraɗi ba su kai dubu 50 ba. A ƙidayar 2012, sun wuce dubu 260. Ina aka gina ma wannan jama'a gidaje? Bisa gonaki.

Yaya birni ke cin gona?

Hanya ta farko ita ce yankan fegi. In gari ya cika, sai a auna gonakin bakin gari, a kafa duwatsun iyaka, a fid da hanyoyi. Inda aka yanka fegi, ba a sake shibka.

Ta biyu ita ce saye. Attajiran birni suna bin ƙauyuka suna sayen gonaki, musamman shekarar da damana ba ta yi kyau ba. Mai gona ya karɓi kuɗɗi, ya sayi hatsi, ya biya bashi, ya yi ma ɗa aure. Kafin shekara ta kewayo, kuɗɗi sun ƙare. Sai ya koma ɗan ƙodago cikin gonar da ubanshi ya bar mishi.

Ta ukku ita ce tafiyar samari. Da can, masu cin rani suna komowa gida da ruwan farko. Yanzu wasu sun zauna birni suna dako, ko ga-ruwa, ko kabu-kabu. Tsofaffi da mata aka bar ma noma.

Gonar da ta rage, magada sun raba ta ƙanana-ƙanana. Ba a barin ta ta huta. Ƙasa ta gaji, dammuna sun ragu, rumbu ya ƙare tun da bazara.

Mi ya kamata manomi ya yi?

Tun 1993, Nijar tana da dokar karkara. Ita ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira COFO. Suna ba manomi takardar shaidar gonarshi. In gwamnati ta bukaci gonar don aikin jama'a, doka ta ce a biya diyya, kuma mai takarda ya fi ƙarfin magana. Wanda ya iya karatu, ba ya sa hannu ga takardar da bai karanta ba.

Ƙauyukan da birni bai iso ba tukuna, su yi shiri tun yanzu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.