Kafin Ƙanƙara Ta Sauka Kan Farantan Sola

Jama'ar Unguwar Shanu, masu gidaje da kwamitocin masallatai da masu kula da rijiyoyin burtsatse, a ɗaga kai a dubi rufi. Farantan sola sun cika saman kwano. Damina na tafe. Ruwan farko a Kaduna da guguwa yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara.

A 2019 ƙanƙara ta lalata farantai wajen 400,000 a tashar Midway da ke jihar Texas ta Amurka. A watan Maris na 2024 ta ragargaza dubbai a tashar Fighting Jays, duk a jihar. Masu tashoshin suna da kuɗi, suna da injiniyoyi, ba su tsira ba. A masana'anta, galibi ƙanƙara mai faɗin milimita 25 ake harba wa faranti wajen gwaji. Wadda ta fi haka girma, ba kasafai ake yi maka alkawari a kanta ba.

Fashewar gilashi da sauƙi, ido ya gani. Mugun abin tsagar ciki ce. Faranti na nan lumui, amma ƙwayoyinsa sun tsattsage. Wuta na raguwa kaɗan-kaɗan. Batir ba ya cika. Maigida ya yi ta ɗora laifi kan inbata, alhali ciwon na sama. Wurin tsagar yana ɗaukar zafi, zafin kuma kan kai ga gobara.

Fasasshen faranti bai mutu ba. Muddin rana na dukansa, lantarki na gudana. In ruwa ya shiga, ƙarfen gefensa na iya ɗaukar lantarki. Kada a tura yaro ya hau kwano dubawa.

Sai aljihu. Garantin kamfani galibi ba ya biyan ɓarnar ƙanƙara. Sabo za ka saya, a farashin yau.

Manyan tashoshi sun fi shiga haɗari. Ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da ta Challawa mai megawat 10, duk a Kano, dukiyar al'umma ce shimfiɗe a fili. Farantin da ke kwance shi ke shan duka sosai. Wanda aka karkata, ƙanƙara gogarsa take yi ta wuce. Masu kula da irin waɗannan wurare su yi inshora, su riƙa bin hasashen hukumar yanayi ta NiMet.

Mu kuma na unguwa, a kira mai gyara yanzu. Ya ɗaure ƙusoshi, ya auna abin da kowane faranti ke bayarwa, ya rubuta. Bayan ƙanƙara a sake aunawa. Wanda ya fashe a cire shi ranar, kada a jira ƙarshen wata.