Kukan kunne da tsoron ƙara: Me ya sa toshe kunne ba ya kawo waraka

Da zarar an ɗauke wuta a ofis aka tayar da janareta, yawancin ma'aikata kan ci gaba da aikinsu. Amma akwai wanda wannan ƙarar ke sukarsa tamkar allura. Haɗuwar cokali da kofin shayi, bugun ƙofa, jiniyar ayarin motoci a titunan Abuja, duk azaba ce a gare shi. Idan dare ya yi gari ya yi tsit, sai wani kuka ya taso daga cikin kunnensa, wanda babu mai ji sai shi.

Kukan kunne ba baƙon abu ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa manya sama da miliyan 740 a duniya na fama da shi. Wasu daga cikinsu na haɗa shi da rashin jure sauti, inda ƙarar da kowa ke ɗauka ba komai ba kan haddasa zafi ko nauyi a kunne.

Likitoci na bayanin cewa idan ƙananan ƙwayoyin ji na can cikin kunne suka lalace, ƙwaƙwalwa kan ƙara ƙarfin sauraronta domin cike giɓin, kamar mai murɗa rediyo. Daga nan kukan ke fitowa, sauti kuma ya yi tsanani. Yawan zama cikin hayaniya na kan gaba wajen jawo wannan, haka ma wasu magunguna irin su kwinin da asfirin idan an sha da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sautin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba. Da ƙarfin ya ƙaru, lokacin kan ragu ƙwarai. Hadiman da ke yini kusa da lasifika a tarukan siyasa da bukukuwa na cikin masu haɗari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa auduga a kunne dare da rana, ko ƙaurace wa jama'a. Kunnen da ya saba da shiru yakan ƙara tsoron sauti. Shawarar masana ita ce a kare kunne inda ƙara ta yi yawa da gaske, sauran lokuta kuma a bar shi da sauti mai laushi, kamar na fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, ana ƙarawa sannu a hankali. Isasshen barci da rage damuwa na sassauta kukan. Neman a matsar da teburin aiki nesa da janareta ba shagwaɓa ba ce.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su: ɗaukewar ji kwatsam a kunne ɗaya, kukan da ke tafiya da bugun zuciya, jiri mai tsanani, ko fitar ruwa. Waɗannan na buƙatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro nan take. Asibitocin koyarwa na da wannan sashe, haka kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, inda ake gwajin ji.