Yadda kalma ɗaya a bangon faifan Sex Pistols ta kai mai kanti gaban kotu

A watan Nuwamban 1977, ’yan sanda a birnin Nottingham na Ingila suka kama manajan wani kantin sayar da faifai mallakar kamfanin Virgin. Laifin da aka tuhume shi da shi, shi ne ya baje bangon wani sabon kundin waƙoƙi a tagar kantinsa, inda masu wucewa ke iya karanta sunansa: Never Mind the Bollocks, Here's the Sex Pistols. Kalma ta huɗu a sunan, a bakin Turawan Ingila, ashar ce da ke nufin ’ya’yan maraina, ana kuma amfani da ita da ma'anar shirme.

Kundin ya fito ne a ranar 28 ga Oktoban 1977, kuma shi kaɗai ne ƙungiyar Sex Pistols ta naɗa a situdiyo. Salon kiɗansu shi ake kira punk: gajerun waƙoƙi masu sauri da ƙara, jita da ganguna ba ƙawa, da murya mai kama da ihun fushi. Salon ya samu karɓuwa a lokacin da Birtaniya ke cikin ƙunci. Hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin 100 a 1975, a 1976 gwamnati ta nemi rance daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, sannan marasa aikin yi sun zarce miliyan ɗaya. Matasan unguwannin talakawan Landan suka ji a waƙoƙin abin da ke cin ransu.

Tun kafin kundin ya fito ƙungiyar ta yi ƙaurin suna. A ranar 1 ga Disamban 1976 ’ya’yanta suka yi ashar kai-tsaye a wani shirin talabijin, abin da ya sa kamfanin EMI ya sallame su a Janairun 1977. Kamfanin A&M ya ɗauke su a Maris, ya sake su cikin mako guda. Da Virgin ya fitar da waƙarsu God Save the Queen a Mayu, daidai lokacin bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gadon mulki, BBC ta haramta sanya ta. Duk da haka ta kai matsayi na biyu a jerin waɗanda aka fi saye.

Haka ta faru da kundin. Manyan kantuna irin su Boots da Woolworth da WH Smith suka ƙi ajiye shi, amma ya hau matsayi na ɗaya. Kowane takunkumi sai ya zama talla ta kyauta.

An gurfanar da manajan a kotun majistare a ranar 24 ga Nuwamba, a ƙarƙashin wata dokar 1889 kan tallace-tallacen batsa. Mai kamfanin, Richard Branson, ya ɗauko masa babban lauya John Mortimer, wanda ya gabatar da Farfesa James Kinsley na Jami'ar Nottingham a matsayin shaida. Farfesan ya bayyana cewa kalmar tsohuwa ce a Turanci, a da har limaman coci akan kira da ita, kuma a sunan kundin shirme take nufi. Alƙalai suka wanke manajan, ko da yake sun nuna ba da son ransu ba.

Hukuncin ya ba ’yan kasuwa damar ci gaba da baje kundin ba tare da fargabar kamu ba. Abin lura shi ne mawaƙan da suka zaɓi sunan ba su tsaya a gaban alƙali ba, mai tsaron kanti ne ya sha tuhuma.

Ita kuwa ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. Ta watse a Janairun 1978, bayan wasanta a San Francisco ta Amurka, ƙasa da wata uku da fitowar kundin.