GIDA MA MAKARANTA NE: YADDA ZA MU KOYAR DA ƘANNENMU

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da ya kamata kowane ɗan makarantar kwana ya yi wa kansa. Shin idan an rufe makaranta, karatu ma an rufe shi ke nan? Wannan tambaya ba ta wasa ba ce a yankinmu na Funtuwa da Malumfashi. A watan Maris na 2020 an rufe makarantun Nijeriya saboda cutar korona, yara suka yi wata da watanni a gida. Ba a daɗe da komawa ba, ranar 11 ga Disamba na wannan shekara, sai 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, har gwamnatin Jihar Katsina ta ba da umurni a rufe makarantun kwana. Ban da wannan kuma, ga dogon hutu da muke yi kowace shekara.

Wanda ya fi cutuwa da irin wannan zama shi ne ƙaramin yaro da karatu bai zauna masa ba tukuna. In ya yi wata biyar bai riƙe fensir ba, ran da ya koma aji sai malami ya sake faro masa daga tushe. To, mu da muka yi nisa kaɗan, muna da abin da za mu yi. Nufina a wannan rubutu shi ne in bayyana yadda wa ko ya za su tara ƙannensu uku ko huɗu, su koya musu kimiyya da tarihi da zane, da kayan da ke cikin gida da gona, ba tare da an kashe ko kwabo ba.

ABIN BA BAƘO BA NE

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin da ake kira 'Yan Taru. Takan koyar da waɗansu mata dattijai da ake kira jaji, su kuma su tafi garuruwa da ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata a cikin gidajensu. Haka kuma a makarantar allo, malam ɗaya ne, amma gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana biya wa ƙolo. Ashe tun kafin a fara shirin ba da ilmin furamare kyauta a 1976, mutanenmu sun san yadda ake haɗa yara masu shekaru daban-daban a tabarma ɗaya, kowa ya ƙaru.

Sirrin abin guda ɗaya ne: a ɗauki aiki ɗaya, a raba shi gwargwadon shekaru. Ɗan shekara biyar ya ƙirga ko ya tsince. Ɗan shekara takwas ya auna ya zana. Ɗan shekara goma sha biyu ya rubuta, ya kuma faɗi dalili. Ta haka babba ba zai gaji da jiran ƙarami ba, ƙarami kuma ba zai zauna yana kallo kawai ba. Sa'an nan a bar hannu ya riga baki, wato yaro ya fara gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa, kana a yi masa bayani.

KIMIYYA A TSAKAR GIDA

Na farko shi ne gwajin iri, kuma ya fi dacewa kafin ruwan shuka ya sauka. A sa ƙarami ya ƙirgo ƙwayar masara 20 daga irin da aka ajiye. A jera su a kan tsumma mai danshi, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kullum. Bayan mako guda a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsira. In 18 ne suka fito, babba ya yi lissafi, zai samu kashi 90 cikin 100, iri mai kyau ke nan. In kuwa 10 ne kaɗai, to sai a gaya wa Baba tun bai ɓata kwanakinsa da takinsa a gona ba. Kun ga a nan an koyi lissafi, an koyi kimiyya, an kuma taimaki gida.

Na biyu shi ne zoɓo. A jiƙa shi a ruwa, a tace, a raba kofi uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemun tsami, sai a ga jansa ya ƙara haske. Na uku a zuba masa ruwan kanwa ko ruwan toka, sai a ga ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Dalili shi ne launin zoɓo yana sakewa in ya gamu da abu mai tsami, wanda ake kira asid, yana kuma sakewa ta wata fuska in ya gamu da kishiyarsa, wato alkali. Irin aikin da takardar litmas take yi mana a ɗakin gwaje-gwaje ke nan. Daga nan yara da kansu za su so su gwada ruwan tsamiya da ruwan sabulu. Amma a gargaɗe su, abin gwaji ba na sha ba ne.

Na uku shi ne randa. A cika randa da ruwa, a cika bokitin roba, a ajiye su a inuwa ɗaya tun da safe. Da la'asar kowa ya tsoma yatsa. Me ya sa na randa ya fi sanyi? Jikin randa yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska tana busar da shi, in yana bushewa kuma sai ya tafi da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jikin mutum. Da wannan ilmi ne wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, don kada kayan lambu su lalace da wuri. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex saboda wannan aiki. Yara suna iya haɗa tasu, su sa tumatir a ciki, su bar wani a waje, su ga wanda zai riga ruɓewa.

Na huɗu a gona yake. A tuge gyaɗa ko waken suya guda ɗaya, a wanke saiwar. Za a ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. A cikinsu akwai ƙananan halittu da suke jawo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne kuma sinadarin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Shi ya sa manomi mai hikima yakan bi gyaɗa da masara a shekara mai zuwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai manta ba.

TARIHI A BAKIN KAKA

Yara da yawa suna ƙin tarihi domin an mai da shi haddar shekaru. Ga maganin wannan. A samo doguwar igiya, a yi ƙulli a kowane taki ɗaya, kowane ƙulli shekara goma ne. In an faro daga 1800 zuwa 2020 za a samu ƙulli 23. Sai a riƙa ɗaura ƙyalle a inda ya dace: 1804 farkon jihadin Shehu, 1903 zuwan Turawa Kano da Sakkwato da Katsina, 1929 lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda, 1960 samun 'yancin kai, 1975 fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, 1987 ƙirƙiro Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Daga ƙarshe kowane yaro ya ɗaura nasa ƙyallen a shekarar haihuwarsa, a ɗaura na Baba da na Inna da na Kaka. A nan ne yaro zai gane cewa kakarsa ta girmi jiharsa.

Bayan haka sai a tafi wajen tsofaffi da ladabi, a gaishe su, a yi tambaya. Yaya aka ji da farin 1973? Me aka ci? Nawa ne tiyar dawa? A waɗansu gidaje har yanzu akwai tsofaffin kuɗi a ƙasan adaka. A ɗora takarda a kansu a goga fensir, sai hotonsu ya fito. A koya wa yara cewa anini goma ne kwabo, kwabo uku taro, kwabo shida sisi, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda, har zuwa ranar 1 ga Janairu 1973 da aka kawo naira, fam ɗaya ta zama naira biyu. Ana iya tambayar dattijai kuma dalilin da ya sa ake ce wa hakimin Funtuwa Sarkin Maska, na Malumfashi kuma Galadiman Katsina. Babba ya rubuta duk abin da aka ji a littafi guda, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. In mutum biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun. Haka masana tarihi na gaske suke aiki. Mu tuna kuma, tsoho in ya rasu da labarinsa yake tafiya.

ZANE DA AIKIN HANNU

Ba sai an sayi fenti ba. Jar ƙasa tana ba da ja, farar ƙasa fari, gawayi baƙi, karan dafi kuma shi ne dukawa suke rina fata da shi. A daka, a kwaɓa da ruwa, a yi burushi da tauna bakin ɗanyen tsinke. Yara su zagaya unguwa su dubi zanen da ke jikin soraye da ƙwarya da hula, su kwaikwayi dagi a ƙasa kafin su sa a takarda. Da yumɓu sai a gina ƙaramin gari, da ganuwa da kasuwa da masallaci. Da karan dawa kuwa, wane yaro ne bai iya ƙera mota ba? A sa shi ya ƙera jirgin ƙasa da taragunsa, a haɗa da labarin 1929.

Auduga ita kaɗai ta isa karatun mako guda, tun da da ita aka san Funtuwa. A auna ta da anguryarta a ma'aunin mai shago, a gurje, a sake aunawa. Za a ga tsabar audugar ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin uku ba, sauran nauyin na angurya ne, wadda ake matse mai daga cikinta, a ba dabbobi tunkuzar. Wannan kimiyya ce. A roƙi Kaka ta nuna yadda ake shiɓa da kaɗi da mazari, ta ba da labarin kasuwar auduga ta da. Wannan tarihi ne. Zaren da aka kaɗa a rina shi, a saƙa ɗan ƙyalle a jikin firam na kara. Wannan kuma aikin hannu ne. In akwai marina kusa, a je a ga yadda zane yake fitowa daga ruwan baba kore-kore, iska tana bugunsa ya koma shuɗi.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Kada a tsawaita. Sa'a guda ta isa, bayan an taso daga makarantar allo, ko da yamma in an dawo daga gona. A nemi iznin iyaye tukuna, a kuma zaɓi lokacin da ba zai hana aikin gida ba. Kada a bar 'yan mata a baya da sunan wanke-wanke ko talla. A taimaka musu a gama aikin da wuri, a zauna tare. Wuƙa da wuta da magungunan feshi na gona ba kayan wasan yara ba ne. Bulala kuma ba ta da wuri a nan, gama yaron da yake jin tsoro ba ya tambaya, wanda ba ya tambaya kuwa ba zai san kimiyya ba. In an yi tambayar da ta fi ƙarfin mai koyarwa, a rubuta ta, a kawo wa malami in an dawo hutu.

Daga ƙarshe, kada a ɗauka ina cewa gida zai maye gurbin makaranta. A'a. A makaranta ne ake samun ƙwararrun malamai da ɗakin gwaje-gwaje da jarrabawar da za ta kai mutum gaba, kuma haƙƙin kowane yaro ne a buɗe masa ita, a tsare masa ita. Abin da nake cewa shi ne, ranar da ƙofarta take rufe, kada mu bar wutar karatu ta mutu a gidajenmu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ina kira ga kowane ɗayanmu, wannan hutu mai zuwa ya tara ƙannensa ya gwada ko da abu ɗaya daga cikin waɗannan. Mai koyarwa ma zai ga nasa karatun ya ƙara zama, domin ba ka tabbatar ka san abu sai ka iya bayyana shi ga ɗan shekara bakwai.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da makarantunmu, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.