Akokan: maƙoƙon da ke fiddo ido

A Akokan, inda zafi da ƙura suka zama abokan zama, mai wannan cuta yakan daɗe bai farga ba. In gumi ya dame shi, ya ce rana ce. In ya rame alhali yana cin abinci fiye da da, dangi su ce sammu. Sai zuciya ta dinga dukan uku-uku, hannu na rawa, wuya ya kumbura, idanu sun firfito, kana a nufi asibiti.

Likitocinmu na kiranta cutar Basedow, da sunan Bajamushen da ya bayyana ta a 1840. Garkuwar jiki ce ke zuga tiroyid, wata halitta da ke gaban wuya, ta yi aiki fiye da kima. Ta fi kama mata. Ta sha bamban da maƙoƙon ƙarancin iyod, saboda haka gishiri mai iyod ba ya warkar da ita.

Ido ne abin tausayi. Wani fatar idonsa ba ta rufuwa ko cikin barci, ga iskar hunturu ɗauke da rairayi. Tabarau da maganin ɗigawa suna sauƙaƙawa. Sigari kuwa ƙara tsananta abin take, barinta wajibi ne. Wanda ganinsa ya soma dushewa, kada ya kwana bai ga likita ba.

Ƙwayar carbimazole akan sha ta wata 12 zuwa 18, ana awon jini a kai a kai. In zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka taso, a dakatar da ita, a je awo ranar nan. Sai dai tun da COMINAK ta rufe mahaƙarta ranar 31 ga Maris 2021 aljihun mutanen gari ya yi sanyi, ga Yamai, inda ƙwararru suka fi yawa, tafiyar kilomita wajen 1.200 ce.