Katsewar layin modam: aikin da ya rataya a kan direba

A farkon shekarun 1990, masu bincike a Yamai suna aika wasiƙun kwamfuta ta hanyar RIO, tsarin da ORSTOM ta kafa bisa UUCP da na'urorin Unix. Modam da layin tarho ne ke ɗauke da aikin, kuma layi yakan katse. A nan za mu duba abin da ya wajaba ga direba idan hakan ta faru, wato ɗan shirin da ke kula da ƙofar da ake jona modam, wanda ake kira pilote da Faransanci.

A ƙa'idar RS-232, modam yana shaida cewa yana jin amon takwaransa ta waya guda, DCD, fil na 8 a mahaɗi mai fil 25. Da amon ya ɓace sai DCD ta faɗi, guntun UART ya ta da direba. Idan ba a kunna alamar CLOCAL ba, direba zai aika SIGHUP ga shirin da ke jagorancin zaman, karatu ya dawo da sifili, rubutu ya dawo da kuskuren EIO. Da an rufe ƙofar, alamar HUPCL ta sa a sauke DTR, modam ya aje layi.

Mu ƙaddara wani ɗalibi ya dawo daga bincike a Matankari, ya kira na'urar Yamai daga Dogon Dutsi, layi ya yanke yana tsakar aiki. Idan direba bai rufe zamansa ba, wanda ya kira bayansa zai faɗa cikin asusunsa kai tsaye, ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Sau da yawa laifin ba na direba ba ne: modam da aka bari a kan AT&C0 yana riƙe DCD a sama har kullum, sai an ba shi AT&C1.

Wahalar ita ce layi mai nisa yakan yi ƙara, amo ya ɓace na ƙiftawar ido ya dawo. A ganinmu haƙurin wannan ba aikin direba ba ne. Rajistar S10 ta modam irin na Hayes ce ke ƙayyade jiran, galibi 14, wato daƙiƙa 1,4, kuma ana iya ƙara ta. Amma da zarar modam ya yanke hukunci cewa kiran ya mutu, kada direba ya jira komowar DCD, domin idan ta komo, mai yiwuwa wani mutum ne daban a kan layi.